Agogon tsuntsu mai kukan "ku-ku": asalinsa Jamus ne

An daɗe ana cewa agogon bangon nan mai tsuntsun katako da ke leƙowa yana kukan "ku-ku" daga Suwizalan ya samo asali. Masu faɗin haka suna da uzuri, don ƙasar ta yi suna a harkar agogo. Amma mahaifarsa Baƙin Daji ne, yankin tuddai a kudu maso yammacin Jamus, inda masassaƙa suka fara ƙera shi tun tsakiyar ƙarni na 18.

Kukan ba daga tsuntsun yake fitowa ba. A ciki akwai ƙananan zuga-zugai 2, kowanne a kan sarewar katako. Agogo ya ɗaga su ya saki ɗaya bayan ɗaya, sai a ji murya sama, murya ƙasa. Idan fatar zuga-zugin ta yage, tsuntsu zai fito amma shiru.

Inda Suwizalan ta shigo da gaske shi ne kiɗa. Akwatin kiɗa mai gangar tagulla da ke taɓa haƙoran ƙarfe a birnin Janeba na Suwizalan aka ƙirƙiro shi a 1796, kuma agogunan Jamus masu kiɗa da yawa nata suke ɗauke da shi.

Kuna iya dubawa da kanku. Ku ƙirga ƙarafan da ke rataye a sarƙa: 2 na lokaci ne da kuka, in akwai na 3 to na kiɗa ne. Sannan ku buɗe murfin baya ku duba tambarin da ke jikin injin, da na akwatin kiɗan daban, don sau da yawa ƙasarsu ba ɗaya ba ce.

Don Allah ku tura wa masu sha'awar tsofaffin agoguna wannan bayani.