Furosesar uwar garke mai ƙwayoyi da yawa

Furosesar uwar garke mai ƙwayoyi da yawa wani ɗan guntun silikon ne da ke ɗauke da ƙwayoyin lissafi biyu ko fiye, kowace tana aikinta daban. Ita ce ƙwaƙwalwar uwar garke, wato manyan kwamfutocin da ke cibiyoyin adana bayanai na bankuna da kamfanonin sadarwa da hukumomi. Mai POS a kasuwar Birnin Kebbi idan ya tura kuɗi, ko ɗalibi a Aliero ya buɗe shafin rajistar jarrabawa, irin wannan furosesa ce ke karɓar buƙatar a wani ɗaki mai sanyi, galibi a Legas ko Abuja.

Asali

Har zuwa farkon shekarun 2000, masu ƙera furosesa sauri suke ƙara wa ƙwaya ɗaya. Zafi ne ya taka musu burki. Wutar da guntun ke ci tana ƙaruwa daidai da saurinsa, kuma in aka ninka ƙarfin lantarkin da ke shiga, cin wutar kan ninka sau huɗu. Saurin kuma ba ya samuwa sai an ɗaga wannan ƙarfin. Furosesar Pentium 4 ta kamfanin Intel saurinta ya tsaya a gigahaz 3.8, kamfanin kuma ya soke magajiyarta, Tejas, a 2004.

Mafitar ita ce a raba aikin. Kamar noman gayya ne: mutum huɗu suna tafiya a natse sun fi gwarzo ɗaya da ke haki yawan noma, kuma ba sa galabaita. IBM ya fara da POWER4 mai ƙwaya biyu a 2001. AMD ya fitar da Opteron mai ƙwaya biyu a 2005, shekarar da Sun Microsystems ya kawo UltraSPARC T1 mai ƙwaya 8 wanda ke cin wat 72 kacal. Xeon na Intel mai ƙwaya huɗu ya biyo baya a ƙarshen 2006.

Yadda ake auna tsimin wuta

Abin da ake dubawa shi ne yawan aikin da kowane wat ke biya. Xeon L5320 na 2007 yana da ƙwaya 4 a kan wat 50, wato wat 12.5 kowace ƙwaya. EPYC 9754 da AMD ya fitar a 2023 yana da ƙwaya 128 a kan wat 360, ƙasa da wat 3 kowace. Guntun ya fi na da cin wuta nesa ba kusa ba, amma kwamfuta ɗaya tana ɗaukar aikin da a da sai an jera goma. Ƙwayar da ba ta da aiki kan rage gudu ko ta yi barci har a tashe ta.

Amazon ya shigo fagen da furosesar Graviton a 2018, bisa tsarin Arm, irin na wayoyin hannu.

A ƙasa mai zafi

Kusan duk wutar da furosesa ta ci, zafi take komawa, sai na'urar sanyaya ɗaki ta sake cin wata wutar don ta fitar da shi. Ke nan ana biyan kowane wat fiye da sau ɗaya. Ana son iskar da ke shiga kwamfutocin ta kasance tsakanin digiri 18 zuwa 27, alhali a Birnin Kebbi zafin bazara kan haura 40 a watan Afrilu. In aka ɗauke wuta kuma, janareta da dizal ne, ko batura da faifan sola, waɗanda yawansu ya dogara ne kan nauyin da aka ɗora musu. Ga ƙurar hunturu: tana liƙe wa haƙoran ƙarfen da ke kwashe zafi daga kan furosesa, fankokin su ƙara gudu da ƙara, guntun kuma ya rage saurinsa da kansa don kada ya ƙone. Saboda haka ƙaramin ɗakin kwamfuta na jami'a ko ma'aikata a jihar Kebbi ya fi na Turai buƙatar irin wannan tsimi.

Yawan ƙwaya ba kullum yake riba ba. Manhajar da aka rubuta don ta bi aiki ɗaya bayan ɗaya ba ta amfana da ƙwaya 128, abin da masanin kwamfuta Gene Amdahl ya yi bayani tun 1967. Wasu kamfanoni kuma, kamar Microsoft daga Windows Server 2016, kan ƙwaya suke lissafin kuɗin lasisi, don haka abin da aka tsimanta a dizal yana iya zurarewa ta can.