Ba Dole Ka Tafi Asibiti da Tafintarka a Amurka Ba

Wasu 'yan uwanmu da ke zaune a Amurka, musamman dattawan unguwar Bronx a New York, sun ɗauka wanda bai iya Turanci ba shi zai nemo mai yi masa fassara a asibiti. Shi ya sa za ka ga uwa ta janyo ɗanta ɗan shekara 12 daga makaranta ya raka ta ganin likita.

Ba haka abin yake ba. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta hana nuna bambanci saboda asalin ƙasa a duk hukumar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Sashe na 1557 na dokar lafiya ta 2010 ya ƙara ƙarfafa wannan. Don haka asibitin da ke karɓar irin wannan kuɗi shi ne zai samo tafinta, ko ta waya ko ta bidiyo, kuma ba ko sisi. Ƙa'idar ma ta hana dogaro da yaro sai cikin gaggawa.

Dalili? Uwa ta ce "zuciyata na tashi", amai take nufi. Yaron da ya girma can sai ya ce wa likita zuciyarta ke ciwo. Ga kunya kuma: wace uwa ce za ta faɗi ciwon mara a gaban ɗanta?