Sergei Eisenstein: Daraktan da ya sa almakashi ya yi magana

Wane ne shi?

An haife shi a Riga, babban birnin Latvia a yau, a 1898, ya rasu a Mosko a 1948. Injiniya ya fara karanta, sai juyin juya halin Rasha na 1917 ya sauya masa hanya. Ya shiga wasan daɓe, daga nan ya koma fim, a zamanin da fim ba ya magana.

Me ya bambanta aikinsa?

Tacewa. A ganinsa ma'anar fim tana fitowa ne daidai inda aka yanka hoto aka liƙa shi da wani. A dogon fim ɗinsa na farko, Strike, na 1925, sojoji na karkashe ma'aikata masu yajin aiki, sai ya saka hoton sa ana yanka shi a mayanka. Babu mai bayani, amma mai kallo ya gane.

Me ya sa ake yawan ambaton Battleship Potemkin?

Shi ma na 1925 ne, kan boren sojojin ruwan Rasha na jirgin yaƙi Potemkin a 1905, wanda ruɓaɓɓen nama mai tsutsa ya tayar. Amma fitowar matakalar birnin Odessa ce ke kama zuciya. Sojoji a jere suna saukowa, takalmansu kawai kake gani, jama'a na gudu. An harbi wata uwa, ta faɗi ta ture keken jaririnta, keken ya yi ta gangarowa. Abin da zai wuce cikin ƙiftawar ido ya ja shi, yana yanka yana komawa, har numfashinka ya tsaya. Ni dai duk sanda na kalla sai na ji tsigar jikina ta tashi. A tarihi ba a yi wannan kisan a kan matakalar ba, shi ya tsara shi, kuma farfagandar gwamnatin Sobiyet ce. Wannan ya kamata mai kallo ya riƙe.

Ya suka kwashe da Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet?

Da daɗi ba daɗi. Kashi na farko na fim ɗinsa Ivan the Terrible ya samu lambar yabo ta Stalin, na biyu kuwa aka haramta shi, bai fito ba sai 1958, shekara 10 bayan mutuwarsa.

Wane gado ya bari?

Rubuce-rubucensa kan tacewa har yau ana karantar da su. Ya koyar a makarantar fim ta VGIK a Mosko, inda daga baya darakta Souleymane Cissé na Mali ya yi karatu. Daraktan Amurka Brian De Palma ma ya ari keken jaririn nan a The Untouchables a 1987.