Wa Doka Ta Ɗora wa Alhakin Kwashe Shara a Najeriya?

Shin ƙaramar hukuma tana da hurumin kwashe shara?

Tana da shi. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa samar da banɗakunan jama'a da kula da ƙazantar ruwa da zubar da shara cikin manyan ayyukan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar. Dokar haraji ta 1998 ita ma ta sanya kuɗin kwashe shara cikin kuɗaɗen da aka ware musu su karɓa.

To me ya sa motocin gwamnatin jiha ake gani a bakin bola?

Sashe na 7 na Kundin ya bar wa majalisar dokokin jiha ikon tsara yadda ƙananan hukumomi za su gudana, kuma ta wannan ƙofa jihohi suka kafa hukumomin kwashe shara na kansu, irin su REMASAB a Kano da LAWMA a Legas. Hujjar tasu ba a banza take ba, domin birnin Kano kaɗai ya ratsa ƙananan hukumomi da dama, ga Fagge, ga Dala, ga Gwale, ga Tarauni, alhali ledar da ta toshe kwalbati a wannan unguwa ambaliyarta a wata take sauka. Sai dai babban dalilin shi ne kuɗi, tunda kason ƙananan hukumomi ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da gwamnoni ke riƙe da shi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma a ganina wannan hukunci ya rage wa ciyamomi uzurin barin juji yana cinye titi.

Ƙaramar hukuma za ta iya hukunta mai zubar da shara barkatai?

Za ta iya, muddin kansiloli sun kafa doka da ba ta ci karo da ta jiha ba. Duba-gari ne ke kai masu laifi kotu.

Batun rage yawan shara fa?

Kundin ya ambaci zubarwa ne, bai ambaci ragewa ko sake sarrafawa ba. Saboda haka matakai masu nauyi daga sama suke fitowa, kamar ƙa'idojin 2009 na NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da haramcin robar zuba abinci ta soso da Legas ta yi a 2024. Duk da haka ƙaramar hukuma ce ke kula da kasuwanni da mahauta, don haka tana iya gindaya wa 'yan kasuwa sharaɗin ware shara, ta kuma yi wa 'yan gwangwan rajista da wurin tara kaya.