Waiwaye: Daga Ina Aka Fara Sa wa Direbobin Kamfanoni Ido?

Muhawara kan na'urorin bin diddigin motocin kamfanoni ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Masu motoci na cewa da su ne suka shawo kan satar mai da gudun ganganci. Direbobi kuma na kukan cewa ko tsayawa mutum ya yi ya miƙe ƙafa, sai waya ta buga daga ofis ana tambayar dalili. Mutane da yawa na ɗauka abin ya zo ne tare da wayoyin zamani, alhali tushensa ya girme su nesa ba kusa ba.

Farkon labarin sananne ne. Tun shekarun 1970 dokar ƙasashen Yammacin Turai ta tilasta wa manyan motoci ɗaukar wata na'ura mai zana gudu da sa'o'in tuƙi a kan faifan takarda. Ma'aikatar tsaron Amurka ta fara aikin GPS, wato tsarin gano wuri ta tauraron ɗan'adam, a 1973, ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995. A watan Mayun 2000 aka daina dagula siginar da farar hula ke samu, kuskuren da kan kai mita 100 ya ragu kusan ninki goma. Shi GPS tambaya ɗaya yake amsawa: ina motar take?

Abin da ya canja tambayar ya faru ne a 1996, kuma ba a cika ambatonsa ba. Daga wannan shekara, duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka dole ta zo da wani soket mai ramuka 16, wanda ake kira OBD-II, a ƙasan sitiyari. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, a 2004 ga na dizal. Dalilin kafa dokar hayaƙi ne. Ana so bakanike ko mai duba lafiyar mota ya jona kwamfutarsa ya ga ko injin na gurɓata iska fiye da kima, ba tare da sai ya nemi kayan aiki daban na kowane kamfanin ƙera motoci ba.

Sai dai injin da zai faɗi halin hayaƙinsa, dole ya faɗi wasu abubuwa da dama: gudun mota, juyawar inji, zafinsa, yadda aka taka totur, da lambobin da ke nuna inda matsala take. Kafin wannan, kowane kamfani da nasa yaren. Yanzu ga soket ɗaya, ga yare ɗaya, a wurin da hannu ke kaiwa ba sai an kwance komai ba. Manyan motoci ma suka samu nasu tsarin makamancin haka. Da layukan waya suka fara ɗaukar bayanai da araha a farkon shekarun 2000, abin da ya rage kawai shi ne a ƙera ɗan akwati mai GPS da layin waya, a soka shi a ramin da aka yi wa bakanike. Bayanin da a da ake karantawa jefi-jefi a gareji ya koma tafiya ofis a kai a kai.

A ganina nan gizo ke saƙa. Dokar ta tsara siffar soket da irin bayanin da zai fitar, amma manufarta inji ce, don haka ba ta taɓo wanda ke zaune a bayan sitiyari ba. Wa ke da ikon ganin bayanin? Har tsawon wane lokaci za a ajiye shi? Direba na da damar ya musanta abin da aka rubuta a kansa? An bar waɗannan a buɗe, fasaha ta yi gaba.

Amfanin ba abin musu ba ne. Ana gano motar da aka sace, ana gyara inji tun bai mutu a hanya ba, kuma rajistar sa'o'i ta lantarki, wadda Turai ta wajabta wa sababbin manyan motoci a 2006, Amurka kuma a ƙarshen 2017, tana kare direba daga tuƙin da ya wuce ƙarfinsa. Amma da bayanan nan ne ake ba direbobi maki, makin kuma na iya taɓa alawus ko ma aikin kansa. Na'ura za ta rubuta cewa an taka birki da ƙarfi, ba za ta rubuta yaron da ya tsallako titi ba. Don cike wannan giɓi aka ƙara kyamara, da yawansu kuma idanu biyu gare su, ɗaya na kallon hanya, ɗaya na kallon fuskar direba.