Makarantar Koyon Wasan Kwaikwayo ta Jami'ar Ghana da ke Legon

Makarantar Fasahar Wasanni ta Jami'ar Ghana ita ce makaranta mafi daɗewa a ƙasar wajen koyar da wasan kwaikwayo a matakin jami'a. Tana Legon, arewa maso gabas da tsakiyar birnin Accra, wanda mutanen zango ke kira Ankara, kuma duk wanda ya shiga trotro, wato motar haya, daga unguwar Nima zuwa ta Madina ta bakin ƙofar jami'ar zai wuce. An kafa ta a 1962 da sunan Makarantar Kiɗa da Wasan Kwaikwayo, a ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar. A ƙarshen shekarun 1970 ta karɓi sunan da take amsawa yanzu, kuma tana da sassa uku: na kiɗa, na rawa, da na wasan kwaikwayo. Tun daga farko an ɗora ta a kan ra'ayi guda, cewa ɗan wasan Ghana ya fara koyon sana'arsa daga tatsuniya da kiɗa da rawar gidansu kafin ya leƙa na waje.

Kafin a kafa ta

A zamanin mulkin mallakar Ingila wasan kwaikwayo iri biyu ne a ƙasar, kuma ba sa ga maciji da juna. Akwai na 'yan boko, wanda ake yi a makarantun mishan da kulob-kulob na garuruwan bakin teku, yawanci da Turanci. A cikinsa ne Kobina Sekyi na Cape Coast ya rubuta The Blinkards wajen 1915, yana zolayar masu kwaikwayon Turawa ido rufe. Akwai kuma na talakawa, wanda ake kira konsat fati: 'yan wasa su ɗora kaya a mota, su bi gari gari, su kwana suna barkwanci da waƙa har asuba. Bob Johnson da ƙungiyar Axim Trio suka yi tashe a shekarun 1930, sannan a 1952 E. K. Nyame ya haɗa wasan da kiɗan zamanin Ghana da ake kira hailaif, ya mayar da shi harshen Akan. Masu wannan sana'a a bakin aiki suke koyo, yaro ya bi ubangidansa yana ɗaukar kaya har ranar da za a ba shi fitowa. Makaranta babu.

Efua Sutherland da gidan wasa mai tsakar gida

Wadda ta fi kowa share fagen makarantar ita ce Efua Theodora Sutherland, haifaffiyar Cape Coast a 1924. Ta yi karatu a kwalejin Homerton da ke Cambridge da kuma Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Landan, ta dawo gida ta koyar, sannan a 1958, shekara guda bayan samun 'yancin kai, ta kafa wata ƙungiyar gwajin wasan kwaikwayo a Accra. Da tallafin Gidauniyar Rockefeller da Hukumar Fasaha ta Ghana ta gina wa ƙungiyar gida a tsakiyar birni, wanda Kwame Nkrumah ya buɗe a 1961.

Fasalin ginin ma darasi ne. Maimakon zaure mai labule da kujeru a jere kamar na Turai, sai aka yi shi kamar gidan gado: katanga ta kewaye fili, sama a buɗe, rumfar dandamali a gefe ɗaya, ana kuma iya yin wasan a tsakiyar fili 'yan kallo su zagaye. Wanda ya tashi a gidan haya a Nima ko Sabon Zango, inda ƙofofi goma ke kallon tsakar gida ɗaya, zai gane abin da ake nufi nan take. A irin wannan fili ɗan wasa ba shi da bayan da zai ɓoye. Ta ko'ina ido na kansa, dole muryarsa ta kai bango ba tare da lasifika ba, dole kuma ya iya amsa wa ɗan kallon da ya jefo magana.

Daga tatsuniyar Ananse ta Akan ta fitar da salon da ta kira Anansegoro, wato wasan Ananse. Ananse gizo-gizo ne, ɗan'uwan Gizon tatsuniyar Hausa a wayo da haɗama, shi ma da matarsa da 'ya'yansa. Bambancin da ke akwai shi ne, a tatsuniyar Akan masu sauraro na da damar katse mai ba da labari da waƙa, su tafa, wani ya tashi ya taka rawa, sannan a koma kan labari. Wannan katsewa ana kiran ta mboguo. A wajenmu da an ce "ta zo mu ji ta" sai a yi tsit har a kai ƙurunƙus, sai dai waƙar da ke cikin tatsuniyar. Sutherland ta ɗauki mai ba da labari da mboguo ta ɗora su a dandamali. A wasanta The Marriage of Anansewa, wanda aka buga a 1975, Ananse ya yi wa sarakuna huɗu alkawarin 'yarsa ɗaya, ya karɓi kayan kowa, da asiri zai tonu ya sa ta yi mutuwar ƙarya don a gane wanda ke son ta da gaske. 'Yan wasan duka suna zaune a gaban jama'a tun farko har ƙarshe, mai miƙa kayan wasa ma ba ya ɓuya. Ba ta tsaya a birni ba: a ƙauyen Atwia na yankin Ekumfi ta taimaka aka gina Kodzidan, ɗakin tatsuniya, inda mutanen gari ke yin nasu wasan.

Kafuwar makarantar

A 1961 Kwalejin Legon ta zama cikakkiyar jami'a, aka kuma kafa Cibiyar Nazarin Afirka, masanin tarihi ɗan Ingila Thomas Hodgkin na shugabantarta. Nkrumah na ganin 'yancin siyasa bai cika ba muddin ɗan Afirka na karanta tarihinsa da al'adunsa ta bakin Bature, kuma ya faɗi haka a jawabin buɗe cibiyar a watan Oktoba na 1963. A cikin wannan yanayi aka haifi makarantar a 1962. J. H. Kwabena Nketia, masanin kiɗan Afirka ɗan Mampong na ƙasar Asante, shi ya ja ragamarta. Ephraim Amu, dattijon da ya tsara waƙar kishin ƙasa Yen Ara Asaase Ni, yana ɓangaren kiɗa. Albert Mawere Opoku ya riƙe rawa, kuma shi da Nketia suka kafa ƙungiyar rawa ta ƙasa a wannan shekara. Wasan kwaikwayo ya faɗa hannun Joe de Graft, tsohon malamin makarantar Mfantsipim kuma daraktan farko na gidan wasan Sutherland. A 1963 gidan wasan ya koma ƙarƙashin jami'a, ya zama wajen gwajin ɗalibai.

Accra ta wancan lokaci matattarar baƙaƙen fata ce daga ko'ina. Marubucin Haiti Félix Morisseau-Leroy ya zo ya yi aikin shirya wasan kwaikwayo na ƙasa, marubuciyar Amurka Maya Angelou kuma ta yi aikin ofis a makarantar kanta. A 1964 aka nuna wasan Ama Ata Aidoo na farko, The Dilemma of a Ghost, a Legon, tana ɗalibar sashen Turanci. A tsakiyar shekarun 1960 ɗaliban de Graft suka ɗauki Hamlet na Shakespeare suka mayar da shi garin Tongo a arewacin Ghana, da sutura da sarautar can, aka ɗauke shi fim da sunan Hamile, Kofi Middleton-Mends ya fito a matsayin yariman.

Laƙabin dondoloji

Makarantar ba ta samu karɓuwa cikin sauƙi ba, hatta a cikin jami'ar. Ɗaliban lauya da tattalin arziki suka laƙaba wa karatun suna dondoloji, daga kalmar dondo. Dondo kuwa ba wani abu ba ne illa kalangu, gangar nan mai siririn ƙugu da ake saƙalawa a hammata, a matse tsirkiya a saki, murya ta hau ta sauka kamar ta mutum. Daga arewa ta gangaro kudu. Abin da masu laƙabin ke nufi shi ne, wane ne zai shiga jami'a don ya koyi kiɗan kalangu?

Wannan raini ya yi wa makarantar illa ta gaske. Iyaye da dama sun hana 'ya'yansu shiga, wasu ɗaliban kuma sun riƙa ɓoye abin da suke karantawa. Mai karatun Hausa ba zai yi mamaki ba, don mu ma mun daɗe muna sa makaɗi da ɗan kama a sahun maroƙa, mu yi dariyar wasansu ranar biki, mu hana su auren 'ya'yanmu. A gaskiya laƙabin zalunci ne. Nketia da abokan aikinsa sun zauna da makaɗan fada da na ƙauye, suka naɗi kiɗansu, suka rubuta ƙa'idojinsa, har littafinsa kan kiɗan Afirka na 1974 ya zama abin karantawa a jami'o'in duniya. Da tafiya ta yi tafiya wasu tsofaffin ɗalibai suka rungumi sunan, suna kiran kansu da shi cikin alfahari.

Bayan Nkrumah

Juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966 ya raba makarantar da babban majiɓincinta. De Graft ya tafi Kenya a 1969, ya koyar a Nairobi, ya dawo Legon a 1978 ya rasu a wannan shekara. Tattalin arziki ya durƙushe, dokar hana fitar dare ta farkon shekarun 1980 kuma ta kashe kasuwar wasan dare a Accra da Kumasi. Duk da haka a wannan tsakani makarantar ta fitar da marubuta irin su Martin Owusu, Asiedu Yirenkyi, da daga baya Efo Kodjo Mawugbe.

Wanda ya kamata mutanen zango su fi sani shi ne Mohammed Ben Abdallah, Musulmi haifaffen Kumasi a 1944. Ya yi karatu a wannan makaranta, ya ƙaro a Amurka har ya samu digirin digirgir a Jami'ar Texas, ya dawo ya koyar. Ya ga cewa Anansegoro, duk kyansa, na Akan ne, alhali Ghana da Afirka sun fi Akan faɗi. Sai ya faɗaɗa shi zuwa abin da ya kira Abibigoro, wasan baƙar fata, ya shigo da maroƙan tarihi na ƙasashen Sahel, da malamai da rawani da carbi, da tarihin tsofaffin dauloli. The Trial of Mallam Ilya na magana kan shari'ar wani malami a ƙasar da juyin mulki ke bin juyin mulki, The Fall of Kumbi kuma ya koma kan faɗuwar tsohuwar daular Ghana. A wasanninsa Musulmin Afirka ta Yamma ya samu tsayawa a tsakiyar dandamali da cikakken mutuncinsa da laifinsa, bayan shekarun da konsat fati ke fito da mutumin arewa a matsayin maigadi ko abin dariya.

A 1983 aka kafa Abibigromma, ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa ta makarantar, kuma Ben Abdallah na cikin waɗanda suka tsaya a kanta. Amfaninta shi ne ɗalibin da ya gama ya samu inda zai ci abinci da sana'arsa, malamai kuma su samu inda za su gwada bincikensu a gaban jama'a. Ben Abdallah ya riƙe muƙamin sakataren ilimi da al'adu a gwamnatin Jerry Rawlings, ya kuma shugabanci Hukumar Al'adu ta Ƙasa.

A zamanin ne aka gina Babban Gidan Wasa na Ƙasa da taimakon ƙasar Sin, aka buɗe shi a ƙarshen 1992. Filin da aka zaɓa kuwa shi ne inda gidan wasan Sutherland yake, don haka aka rushe shi a 1990, aka gina irinsa a harabar Legon. Rushewar ta yi wa Sutherland ciwo, kuma akwai dalili: ta gina gidan ne a inda ɗan kasuwa da leburan birni za su iya shigowa da ƙafa, yanzu ga shi ya koma bayan katangar jami'a. Ta rasu a watan Janairu na 1996, sabon ginin na Legon kuma sunanta yake amsawa. Abibigromma ma ta rabu biyu, wani ɓangare ya koma Babban Gidan Wasa, wani ya zauna a jami'a.

Karatu a yau

Makarantar na ƙarƙashin kwalejin da ta haɗa fannonin adabi da zamantakewa tun sake fasalin jami'ar a 2014, tana ba da digiri na farko har zuwa na digirgir. Ɗalibin wasan kwaikwayo na koyon fitowa, ba da umarni, rubuta wasa, tsara dandamali da fitilu da sutura, tafiyar da gidan wasa, aikin rediyo da talabijin, da wasan wayar da kai da ake kaiwa unguwanni da ƙauyuka kan lafiya ko tsafta. Da yamma, in zangon karatu ya yi nisa, za ka tarar da su a filin gidan wasan ba takalmi, wani na maimaita layi ɗaya sau ashirin, wata na ɗinke rigar sarki a kan benci, makaɗa na ɗaure ganga a gefe suna jiran darakta ya ɗaga hannu. Cikin waɗanda suka bi ta nan akwai Adjetey Anang, wanda masu kallon talabijin suka sani da Pusher.

Yanzu ba ita kaɗai ba ce a fage. An kafa makarantar fim da talabijin ta ƙasa a Accra a 1978, jami'o'in Cape Coast da Winneba na da nasu sassan wasan kwaikwayo, finafinan Kumawood na Kumasi kuma sun tashi da 'yan wasan da yawancinsu a bakin aiki suka koya, kamar 'yan konsat fati na da. Matasan Nima da Mamobi da Madina masu shirya gajerun wasannin Hausa da waya suna sawa a TikTok da YouTube su ma wannan hanya suke bi. Daga tashar Madina zuwa ƙofar Legon tafiyar 'yan mintuna ce a trotro, kuma wasannin da ɗalibai ke nunawa a gidan wasan Efua Sutherland a buɗe suke ga duk wanda ya sayi tikiti.