Ɗalibai da fim ɗin gurɓatar muhalli a Kano: tambayoyi da amsoshi

Me ɗan fim na minti biyar zai yi wa kwatar da ta shekara ashirin tana wari?

Ba zai yashe ta ba. Amma zai zama shaida. Mai unguwa na iya kai kuka a ce ƙari yake yi. Idan aka ga baƙin ruwa na kumfa ga yara suna wasa a gefe, gardama ta ƙare. Haka mutanen Fatakwal suka yi daga 2016, lokacin da baƙin hayaƙi ya rufe garinsu: hotunan tafin hannu da farar riga da suka koma baƙi su suka sa duniya ta waiwayo.

Ina ɗalibi zai samo labari?

A bayan gidansu. Sai dai wanda ya fi cika ido shi ne ruwan dagwalo. Majemun zamani da ke Sharaɗa da Chalawa da Bompai suna jima da sinadarin kuromiyom, kuma an daɗe ana kukan cewa ruwan na fita ba a tace shi yadda ya kamata ba. Na Bompai yana bin rafin Getsi, ya haɗu da Jakara, ya gangara dam ɗin Wasai. A hanya 'yan lambu na ban ruwan latas da alayyaho da karas da shi, kayan su dawo kasuwa, su shiga tukunyarmu. A ganina ɗalibin da ya bi ruwan nan da wayarsa tun daga bakin bututu har kwandon mai kayan miya ya gama rubuta labarinsa. Wanda ba zai iya wannan tafiyar ba, ga ledar ruwa da ke toshe magudanai duk damina.

Sai da kyamara mai tsada?

A'a. Waya ta isa. Sauti dai a kula da shi, domin iska da ƙarar Adaidaita Sahu sukan cinye maganar dattijo.

Ba za a jawo wa kai rigima ba?

Za a iya. A gaida mai unguwa kafin a ɗaga waya, a nemi izinin duk wanda fuskarsa za ta fito, na yara kuma wajen iyayensu. Kada a ɗora wa wani kamfani laifi don kawai launin ruwa. Malaman kimiyya a Jami'ar Bayero na iya auna shi. Kuma kada a mai da ɗan lambu abin zargi, shi ma ruwan da ya samu ne.

Idan an gama, wa za a nuna wa?

Kafin TikTok da Facebook, a fara da unguwar da aka ɗauka, ko a filin makaranta bayan isha'i. Daga nan a kai kwafi da takardar koke ga REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, idan shara ce, ko NESREA, hukumar tarayya mai kula da dokokin muhalli da aka kafa a 2007, idan ruwan masana'anta ne. Bayan wata uku a koma wurin, a tsaya daidai inda aka tsaya da farko, a sake ɗauka.